Faifan Da Ya Daina Magana

A daminar da ta wuce wani ɗan yayata ya shigo mini da jakar leda cike da fayafayan CD, waɗanda ya tono a ƙarƙashin gadon mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Marigayin ya taɓa riƙe shagon wasan yara a kasuwar Gallabat, talabijin biyu da benci da janareta. A cikin jakar akwai wasannin ƙwallo da na tseren mota, akwai finafinan Kano, akwai wa'azi, sannan akwai faifai guda da aka rubuta wa "biki" da alƙalami. Yaron ya ce: "Kawu, na gwada su duka, na'ura ta ce ba ta gani." Na shafe mako uku ina fama da jakar nan, kuma abin da na tarar a ciki shi ya sa ni wannan rubutu, domin na san gidaje da yawa daga nan har Doka da Gadarif suna da irinta.

Sunan ma abin dubawa ne. Larabawan da muke zaune da su suna cewa usɗuwana, mu kuwa muka ce faifai, wato muka ari sunan abin da iyayenmu mata ke saƙawa da kaba su rufe ƙwarya ko su sheƙe hatsi. Tun zamanin garmaho aka yi wannan aro, da Bahaushe ya ga baƙin abu mai faɗi da zagayayyen layi yana juyawa yana waƙa. Wanda ya raɗa sunan ya fi sanin abin da ya faɗa. Mai saƙar faifai daga cibiya take farawa, ta yi ta nannaɗe zare guda har baki. To faifan CD haka yake: layi ɗaya ne tak, ya tashi daga kusa da ramin tsakiya ya yi ta kewaya har gefe, kuma da za a warware shi zai haura kilomita 5. Faifan garmaho daga baki allura ke fara cinsa, na CD kuwa daga ciki, kamar na kaba.

Gallabat ba baƙuwar kayan nesa ba ce. Takarir ne suka raya ta, mutanen yamma da hanyar aikin hajji ta ajiye a bakin Habasha, kuma kasuwarta ta yi suna tun kafin yaƙin 1889 da Sarkin Habasha Yohannes ya rasa ransa a cikinsa. Bayan faɗuwar Burmi a 1903 wasu ayarin suka biyo baya daga ƙasar Hausa. Abin da ya riƙe harshen waɗannan mutane, ban da uwa da makarantar allo, shi ne muryar da ke zuwa daga gida: da farko a bakin matafiya, daga baya a rediyo da kaset, sannan a faifai. Shi ya sa lalacewar faifai a wurinmu ta wuce maganar wasan yara, ko da yake ta wurin wasan yaran ne aka fi gane yadda abin yake.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da CD a 1982, don waƙa. Bayan 'yan shekaru aka mai da shi ma'ajiyar bayanan kwamfuta, a 1993 aka fitar da tsarin VCD na fim, a 1996 DVD ya shigo kasuwa a Japan. Faɗin faifan santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2. Kusan duk kaurin nan roba ce garai-garai. A samanta ne aka danna ƙananan ramuka, aka shafa alminiyam mai sheƙi don ya mayar da haske, aka bi shi da siririn shafe, sannan aka buga suna da hoto. Hasken leza yana shiga ta ƙasa, ya ratsa robar, ya bugi alminiyam ya dawo. Layukan sun yi ƙanƙantar da silin gashi ɗaya zai rufe 30 ko fiye.

A nan ne ake zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Kowa ɓangaren sheƙi yake lallaɓawa, har ya kifa faifai a kan tebur don kada ƙasan ya karce. Alhali bayanin yana dab da ɓangaren rubutu, ba abin da ya raba shi da duniya sai shafen da bai kai kaurin takarda ba. Karcen ƙasa ana iya goge shi, don roba ce kawai ta ji rauni. Karcen sama kuwa ya tafi da alminiyam, ya tafi da abin da ke rubuce, babu mai dawo da shi. Wanda ya danna biro ya rubuta suna a kan CD, da hannunsa ya yanka shi. Ɗaga faifai ka duba shi a hasken rana: in ka ga haske yana ɓullowa ta wasu 'yan ɗigo kamar hujin allura, wurin ya mutu. DVD ya fi sa'a ta wannan fuska, domin an dasa bayaninsa a tsakiyar roba biyu da aka manne, sai dai shi kuma in mannin ya saki daga cibiya, ya tafi ke nan.

Masu ƙirar sun san za a karce shi, don haka suka saka masa wani lissafi da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960, wanda ke warwatsa bayani a tsawon layi tare da ƙarin da za a cike gurbi da shi. Da wannan dabara na'ura tana iya tsallake raunin da ya bi layi har kusan milimita 2 da rabi. Ga dalilin da ya sa ake cewa a goge faifai daga cibiya zuwa baki. Karcen da ya ratsa layuka kaɗan yake ci daga kowanne, lissafi ya cike. Wanda ya bi zagaye kuwa, irin na mai gogewa da gefen riga yana murzawa, doguwar jimla yake sharewa gaba ɗaya.

Amma yawancin abin da ke jakar ɗan yayata ba karce ya kashe su ba. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki wanda bai sassauta sosai ba sai 2017, wato daidai shekarun da faifai ya yi sarauta. Ga talauci kuma. Don haka abin da ya fi yawa a hannunmu kwafi ne, wanda aka ƙona a kan faifan da ake sayarwa babu komai. Shi wannan ba ramuka gare shi ba, rini ne a ciki, leza ta bi ta ƙona shi ɗigo-ɗigo. Rini kuwa, kamar yadda kowace mai tufafi ta sani, rana tana cinsa. Faifan da ya kwana shekara goma a ɗakin kwano, ya sha zafin Afrilu, ya sha laimar Agusta da ke sa bango tsatsafo a wannan yanki namu, zai iya zama tas a ido ba tabo ko ɗaya, amma rubutun ya kode. Ko na asali ma bai tsira ba: fayafayan da wata masana'anta ta buga a Blackburn ta Ingila tsakanin 1988 da 1993 sun riƙa rikiɗewa zuwa launin tagulla saboda shafen bai hana iska cin ƙarfen ba. In hakan ta faru a ƙasar sanyi, ina ga ƙasar riɗi da dawa.

Sai kuma laifin da ba na faifai ba ne, na ido ne. Waɗanda suka yi yarinta a ƙarshen shekarun 1990 za su tuna PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a Disambar 1994, da fayafayanta masu baƙin ciki. Za su kuma tuna wani abin dariya: na'ura a kife, ƙafafu sama, ana wasa. Yara a ƙasashe da yawa sun gano wannan ba tare da sun san juna ba, wasu ma suna ɗaukarsa kamar wani asiri. Dalilin a fili yake. A samfuran farko, abin da idon ke zamewa a kai na roba ne, kuma yana kusa da inda wuta ke shiga tana zafi. Da ya cinye sai idon ya karkace ya daina kallon faifai sak. In an kifa na'urar, nauyinsa ya mayar da shi daidai. PlayStation 2 ta shekarar 2000 ita ma ta zo da nata: saƙon nan na kasa karanta faifai ya yi yawa har masu saye a Amurka suka kai ƙara, aka sasanta a 2005. Tana karanta CD da DVD da haske iri biyu, shi ya sa za ka ga ta karɓi faifai mai ruwan azurfa ta ƙi mai shuɗin ciki, mai shago ya yi ta zagin faifan da ba ruwansa.

A wurinmu idon yana da abokan gaba da masu ƙira ba su lissafa ba: ƙurar rani, hayaƙin gawayi, turaren wuta da ba a raba ɗakin matan Sudan da shi, da wutar janareta mai hawa da sauka. Sau da yawa auduga a kan tsinke da ɗigon sifirit, a shafa a hankali, ya isa. Masu gyara suna da wata dabara ta murɗa wani ɗan ƙaramin maɓalli don ƙara wa leza ƙarfi. Tana aiki, amma irin aikin bulala ne ga jakin da ya gaji: zai tashi, ba zai yi nisa ba.

Na uku shi ne ya fi ba ni haushi, kuma ya shafi wasannin kwamfuta. Faifai lafiya, ido lafiya, amma wasa ya ce a saka faifai, alhali yana ciki. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin wasa suka riƙa sa makulli don hana kwafi, irin su SafeDisc da SecuROM da StarForce. SafeDisc da gangan yake dasa gurɓatattun wurare a faifai, wasa ya laluba, in bai same su ba ya san kwafi ne. Wato an mai da lahani shaidar asali. Makullin yana dogara da wata ƙaramar manhaja da ke shiga can cikin Windows, wadda daga baya aka ga tana buɗe wa ɓarayin kwamfuta ƙofa. A 2015 Microsoft ta fitar da Windows 10 ba tare da ita ba, a Satumbar shekarar kuma ta kashe ta a Vista da 7 da 8. Daga ranar, wanda ya sayi faifan asali da kuɗinsa ya tsaya a waje, wanda ke da kwafin da aka fasa wa makulli yana ta wasansa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Akwai wasu ƙananan dalilai: wasan da ke neman faifai a mazubi na farko kawai, ko wanda manhajar girka shi ta zamanin bit 16 ce, wadda Windows mai bit 64 ba ta tayarwa. Maganin irin waɗannan shi ne tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, ko sabon bugu marar makulli irin wanda shagon GOG na ƙasar Folan ke sayarwa tun 2008.

To abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wasan ƙwallon Konami yana da miliyoyin kwafi a duniya, da masu sha'awa da suka adana shi, in naka ya mutu ba a yi asara ba. Finafinan Kano fa? Sana'ar ta fara da Turmin Danya a 1990 a kan kaset na bidiyo, daga baya kasuwar Ƙofar Wambai ta koma VCD da DVD, har wayar hannu da YouTube suka rushe cinikin. Kuma VCD yana da wani rauni a jininsa: don fim ya samu wuri, an cire masa kashi ɗaya na lissafin gyaran kuskure wanda faifan wasa da na manhaja suke da shi. Shi ya sa fim ke fara tsinkewa, fuska ta farfashe gida-gida, murya ta yi ƙyaƙ, tun karcen bai kai ya kawo ba. Bikin gidanku, da saukar karatun ƙaninka, da karatun malamin unguwa da ya rasu, galibi a wannan tsarin aka ƙona su, a kan faifai mai rini, kwafi ɗaya ko biyu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mun ga jama'a suna ratsa garin nan zuwa Matamma da abin da hannu zai iya ɗauka. Ba wanda ya tsaya ɗaukar faifai. Mai yiwuwa wanda ke ƙarƙashin gadonka shi ne ya rage.

Ga yadda muka yi da jakar. Muka wanke kowanne da ruwa da ɗan sabulu, muka tsane da tsumma mai laushi daga ciki zuwa waje. Masu karce a ƙasa muka murza musu farin man goge baki kaɗan, wanda ba ya cike komai, gefen karcen kawai yake lallashewa don haske ya wuce. Muka aro mazubin faifai uku daban-daban, domin abin da wannan ya ƙi wancan yakan karɓa, muka kuma rage gudun juyawa. Duk wanda ya buɗe ba mu tsaya kallo ba, muka kwashe shi nan take zuwa kwamfuta da filasha biyu. Masu taurin kai muka bar su da wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue, wadda ke kwashe wurare masu kyau tukuna sannan ta koma ta yi ta nacin marasa kyau, wani har kwana biyu.

Cikin fayafayai 64 mun ceto 41. Wasannin sun fi tsira, finafinan rabi da rabi. Na bikin ya ba da minti 38, ya tsaya daidai inda ake shigo da amarya. Kafin nan akwai wurin da marigayin ya ratsa gaban kyamara da tiren shayi, ya juyo ya ce wa mai ɗauka ya matsa. Yaron ya maimaita wurin nan sau biyar, sannan ya tura wa uwarsa a waya.