Harara-garke da Zaren Likita

Kawuna tela ne a Kasuwar Barci. Da ya faɗi daga kan babur wajen Kawo, raunukan jiki duk sun warke, amma idonsa na hagu ya koma yana kallon hanci. Allura ɗaya ta zame masa biyu, ya rasa wadda zai zura wa zare. Yara suka laƙaba masa harara-garke, manya suka ce shafar iska ce.

Ba iska ba ce. Kowane ido tsoka shida ke juya shi, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Tsokar da ke jan ido waje ita ce ta shanye masa, sai tsokar ciki ta ja abinta babu abokin gardama. Bugun kai na jawo haka, ciwon suga da hawan jini da sanƙarau ma haka.

A zamanin kakanninmu, mai irin wannan lalura sai tofi da kwalli. Ko a Turai, sai 1839 wani likita a Balin, Dieffenbach, ya fara yanke tsokar ido don ya miƙar da shi, kuma sau da yawa idon yakan zarce ɗaya ɓangaren. A 1907 Hummelsheim ya zo da dabarar da ta fi burge ni: a tsaga tsokar sama da ta ƙasa, a aro rabi-rabi, a ɗinke su kusa da wadda ta mutu, su ɗauki aikinta. Aro ke nan irin na maƙwabta.

Mu nan Arewa, Kano aka fara dosa, asibitin ido na mishan da aka buɗe a 1943. Kaduna ta sami nata a 1962, kuma kamfanin giya na Guinness ne ya gina shi. Na sha jin dattawa suna cewa za su "Ginis" ganin likita, carbi a hannu, ko a jikinsu. Daga baya dokar soja ta 1979 ta kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa, wadda ke gefen hanyar Nnamdi Azikiwe a Kaduna.

Can muka kai Kawu. Ya zaci ranar za a yi aiki. Likita ta ce, "Baba, sai mun jira wata shida tukuna, wani lokaci jijiyar kan farfaɗo da kanta." Ya dawo gida yana mita, da ƙyalle a kan gilashi ɗaya na tabarau.

Jijiyar ba ta farfaɗo ba, aka yi aikin. Abin da ya riƙa ba abokan sana'arsa labari shi ne yadda aka auna tsokar da milimita kafin a ɗinka, da siririn zaren da ba a warewa, narkewa yake yi. Har yanzu in zai dubi hagu sosai sai ya juya wuya, amma allurarsa ta koma ɗaya.