Jakin Birni da Raƙumin Sahara: Tarihin Ƙaramar Mota daga Turai zuwa Kano da Sabha

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san motar nan 'yar guntuwa wadda ba ta da dogon but, sai dai ƙofa a baya da ake ɗagawa sama tare da gilashinta. Golf da Starlet su ne aka fi sani a cikin wannan dangi. Ba motar sarakuna ba ce, ba kuma ta manyan attajirai ba. Mota ce ta malamin makaranta da ɗan tasi da ƙaramin ɗan kasuwa. Wannan maƙala za ta bi diddigin motar, wato dalilin ƙera ta, da tsarin jikinta, da halinta a hannun direba, da kuma hanyar da ta biyo ta shigo ƙasar Hausa. Daga nan za a leƙa birnin Sabha na yankin Fezzan a kudancin Libiya, domin a can ne ake ganin iyakar ƙarfinta. Abin da ake son nunawa shi ne, ba kyau ko suna ke zaunar da mota a wuri ba. Abubuwa uku ne: mai, da hanya, da bakanike.

2.0 Asalinta

Ƙarancin mai ne ya haifi wannan mota. A shekarar 1956 Masar ta mayar da mashigin Suez hannun gwamnatinta, rikici ya ɓarke, aka toshe mashigin, har ta kai Ingila ta koma rabon fetur da ƙa'ida. Wannan ya sa aka ɗora wa wani injiniya mai suna Alec Issigonis aikin ƙera motar da za ta ɗauki mutum huɗu ba tare da shan mai da yawa ba. A 1959 ya fito da Mini, wadda tsawonta mita 3 ne da ɗan kai, injinta kuwa bai kai lita ɗaya ba. Dabararsa ita ce ya kwantar da injin a gicciye a gaba, ya sa tayoyin gaba su ja motar. Ta haka mafi yawan jikin motar ya zama wurin zaman fasinja da kaya.

Mini ta farko ba ta da babbar ƙofar baya. Kamfanin Renault na Faransa ne ya yaɗa wannan tsari da motarsa Renault 4 a 1961, wadda aka ƙera fiye da miliyan 8 daga cikinta. Bayan yaƙin Oktoba na 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage fitar da shi, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. A 1974 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf domin ta gaji Beetle. Ita Beetle a baya injinta yake, kuma iska ke sanyaya shi. Golf kuwa a gaba nata yake a gicciye, ruwa ke sanyaya shi, ga kuma ƙofa a baya. A Japan, Toyota ta fito da Starlet mai ƙofar baya a 1978, ta mayar da ita mai ja da tayoyin gaba a 1984, sa'an nan ta daina ƙera ta a 1999, Yaris ta maye gurbinta. A 2020 aka sake farfaɗo da sunan Starlet domin kasuwar Afirka, amma wannan sabuwa asalinta motar Suzuki ce da ake ƙerawa a Indiya.

3.0 Tsarin Jikinta da Halinta a Hanya

Golf ta farko mai ƙaramin inji tsawonta kimanin mita 3.7 ne, nauyinta wajen kilo 800, injinta lita 1.1 mai ƙarfin doki 50. Yawancin Starlet kuwa suna da injin lita 1.0 ko 1.3. Tankin irin waɗannan motoci bai cika wuce lita 40 zuwa 45 ba, kuma idan injin na da lafiya lita 6 zuwa 7 kan kai su kilomita 100 a buɗaɗɗiyar hanya. Idan aka kwantar da kujerun baya, sai cikin motar ya koma ɗaki guda, a zuba buhuna ko keken ɗinki ko ƙaramin firji.

A cikin gari ba ta da na biyu. Saboda rashin nauyi, sitiyarinta yana juyuwa cikin sauƙi, birki yana kama ta da wuri, kuma tana iya juyawa a lungun da doguwar mota sai ta yi ribas sau biyu ko uku. Da yake nauyin injin yana kan tayoyin da ke jan motar, takan fita daga taɓon damina inda wata babbar mota mai ja da baya za ta tsaya tana wulwula taya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya gajera ce, don haka duk ramin da ta faɗa sai fasinja ya ji a ƙugunsa. Idan tirela ta wuce ta da gudu, iskar takan kaɗa ta. Injinta ƙarami ne, saboda haka direba ba ya rabuwa da sauya giya a kan hawa ko wajen wuce wata mota. Babban abin lura shi ne lodi. Mutum biyar aka ƙera ta ta ɗauka, amma a tasha akan sa biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, a cika but har sai an ɗaure ƙofar da igiya. Idan baya ya yi nauyi, gaba yakan ɗaga, tayoyin da ke ja da juya motar su rage riƙe ƙasa, birki kuma ya buƙaci doguwar tazara. Wannan na cikin dalilan da suka sa haɗarin irin waɗannan motoci a manyan hanyoyi yake yin muni.

4.0 Shigowarta Ƙasar Hausa

A 1975 aka fara harhaɗa motoci a masana'antar Peugeot da ke Kaduna da ta Volkswagen da ke Legas. A daidai wannan lokaci ne ma'aikatan gwamnati suka sami ƙarin albashin Udoji, kuɗin mai kuma ya cika baitulmali. Fijo, kamar yadda Hausawa ke kiran Peugeot, ta zama motar manyan ma'aikata, Beetle kuma ta masu tasowa. Yarbawa suka laƙaba wa Beetle suna Ijapa, wato kunkuru. Masana'antar Legas ta kuma harhaɗa wata mai ƙofar baya da aka sa wa suna Igala, wadda asalinta daga Barazil ne.

Wannan daula ba ta daɗe ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwa ta koma ga motocin da aka gama morewa a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Kowane suna yana ɗauke da tarihi: tokumbo kalmar Yarbanci ce mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku, Beljiyam ƙasar da ake lodin motocin ce a jirgin ruwa, Kwatano kuma tashar da ake sauke su. Daga Kwatano da yawa daga cikinsu sukan haura arewa ta Gaya, su biyo ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi, sa'an nan su gangaro Nijeriya. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017.

Ta wannan hanya ce Golf ta biyu, wadda aka fara ƙerawa a 1983, da ta uku ta 1991, suka cika tashoshin Arewa, Starlet da Corolla kuma suka zama tasi a biranen Nijar. Abin da ya zaunar da su shi ne bakanike. Kusan kowane gareji yana da wanda ya san cikin Golf, kayan gyaranta na gwanjo kuma suna ko'ina. Makanikai sukan ƙara wa sifirin na baya ƙarfi domin lodi, wasu ma sukan cire na'urar feshin mai ta zamani su mayar da kafireta, domin ita suka fi iya gyarawa a bakin hanya. A cikin birnin Kano kuwa, A Daidaita Sahu ta ƙwace kasuwar tasi, musamman bayan hana acaɓa a 2013. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sake tuna wa jama'a dalilin da ya sa aka ƙera ƙaramar mota tun da fari.

5.0 Sabha: Inda Kwalta ta Kusa Ƙarewa

Alaƙar ƙasar Hausa da Fezzan ta girmi mota da ɗaruruwan shekaru. Ayarin raƙuma sun daɗe suna kai da kawowa tsakanin Kano da Tarabulus ta Ghat da Murzuk. Heinrich Barth ya ratsa Murzuk a 1850, ya iso Kano a 1851. A zamanin Turawa ne Sabha ta karɓi matsayin babban birnin yankin daga hannun Murzuk. Italiyawa suka gina ganuwar soja a can, sojojin Faransa ƙarƙashin Leclerc suka taso daga Chadi a motoci suka kama Fezzan a farkon 1943, Libiya kuma ta sami 'yancin kai a 1951. A farkon shekarun 1960 aka haɗa Sabha da bakin teku da hanyar kwalta mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci.

Ƙaramar mota tana da gurbi a tarihin siyasar ƙasar. Mu'ammar Gaddafi ya yi karatu a Sabha har aka kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, kuma a wannan birni ne ya shelanta tsarin Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977. Beetle ɗin da ya hau kafin juyin mulkin 1969 an ajiye ta a gidan tarihi na Tarabulus domin nuna cewa shi ɗan talakawa ne. A 2011, da mulkinsa ya faɗi, aka farfasa ta.

Libiya ta daɗe tana cikin ƙasashen da fetur ya fi araha a duniya, inda aka shafe shekaru farashin gwamnati yana dirhami 150 a kan lita, alhali dirhami 1,000 ne dinari ɗaya. Mai karatu zai ɗauka ke nan ba wanda zai damu da motar da ba ta shan mai. Amma a kudu labarin ya sha bamban. Fasa-ƙwaurin mai zuwa maƙwabta da rashin tsaro a hanya sun sha barin gidajen mai na Sabha a bushe, jama'a su koma hannun 'yan bumburutu a farashi mai tsada. Ƙarancin mai yana cikin koke-koken da suka sa mutanen Fezzan suka rufe rijiyoyin mai na Sharara a watan Disambar 2018. Saboda haka ƙananan motoci, musamman na hannu daga Koriya ta Kudu, suna da amfani a titunan Sabha kamar yadda suke da shi a Katsina.

Amma can kudu, wajen iyakar Nijar, sai kwalta ta ƙare. Tsakanin cikin ƙaramar mota da ƙasa bai kai santimita 20 ba, tayoyinta ƙanana ne, biyu kawai ke ja, tankinta kuma ba zai kai ta rijiya ta gaba ba. A cikin yashi sai ta zauna a kan cikinta. Hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Madama zuwa Sabha ta Hilux ce da Land Cruiser da manyan motocin kaya. A 1987 sojojin Chadi suka ci na Libiya da yaƙi a kan irin waɗannan a-kori-kura, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Su ne kuma ke ɗibar matafiya daga Agadas, sana'ar da dokar Nijar ta 2015 ta haramta, kafin a soke dokar a watan Nuwamban 2023. Ko su ma ba su tsira ba: a tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. A Sahara, lalacewar mota ba ɓata lokaci ba ne, asarar rai ce.

6.0 Kammalawa

An ga yadda ƙarancin mai a Turai ya haifi ƙaramar mota, da yadda faɗuwar naira ta kawo ta ƙasar Hausa, da yadda bakanike ya zaunar da ita, da kuma yadda yashin kudancin Sabha ya tsayar da ita. Wannan rabon aiki ba sabo ba ne. Fatake na da sun san cewa jaki ne na kai kaya kasuwa da ƙauyukan kusa, raƙumi kuma na ratsa hamada, kuma ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Motoci sun gaji wannan tsari, sai dai direbobi da fasinjoji ba koyaushe suke kiyaye shi ba. Ga ɗalibin harshe kuwa, kalmomi irin su tokumbo da 'yar Kwatano da a-kori-kura da kafireta shaida ne cewa ana iya karanta tarihin tattalin arzikin al'umma a cikin kalmomin da take amfani da su a tasha da gareji.