Ina Burtalin Ya Tafi? Waiwaye Daga Ƙasar Tsafe

A watan Yunin 2021, cikin wata hira da gidan talabijin, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ya umarci ministan shari'a ya tono masa tsohuwar gazet ta zamanin Jamhuriya ta Farko, wadda ta keɓe labin shanu da wuraren kiwo. A kudu maganar ta tayar da ƙura, don kuwa wata ɗaya kacal kafin nan gwamnonin kudu 17 suka haɗu a Asaba suka ce sun haramta kiwon sake. Ni kuwa tambaya ta tayar mini. In an tono takardar nan an karkaɗe ta, me za a tarar a ciki game da gari irin Bilbis, da ke ƙasar Tsafe dab da iyaka da Faskari? Shin akwai layi ko ɗaya da ya ce burtali ya taso daga nan, ya ratsa ta can, faɗinsa taku kaza?

Na yi ƙoƙarin nema. A wani ofishi aka ce mini taswirar tana nan, sai dai mai riƙe da mabuɗin kabad ɗin an yi masa canjin wurin aiki. A wani kuma aka nuna mini tarin fayil da gara ta riga ni karantawa. Ban ga laifin ma'aikatan ba sosai. Takardun wannan yanki sun yi ƙaura sau biyu: suna ƙarƙashin Kaduna lokacin Jihar Arewa, suka koma Sakkwato da aka yi Jihar Arewa Maso Yamma a 1967 da Jihar Sakkwato a 1976, sannan Gusau da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996. Duk wanda ya taɓa tashi daga gida zuwa gida ya san abin da kan ɓace a hanya. Mai son ganin rahotannin joji da na razdan na Lardin Sakkwato sai ya je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Amma abin da na fi ƙaruwa da shi ba a takarda na same shi ba, a bakin tsofaffi ne, kuma shi ya sa na gane cewa takarda ba ita ta riƙe burtali ba tun asali.

Wanda bai taɓa ganin burtali na gaske ba, ga yadda yake. Hanya ce tsakanin gonaki, an dasa mata shinge dama da hauni, galibi na aguwa ko bini-da-zugu, itatuwan da dabba ba ta ci. Ƙasan ta dandaƙe da kofato, in ruwa ya sauka ta zama caɓi. Takan tashi daga bayan gari ta nufi mashaya ko daji. Manomi da kansa yake gyara shingen da ke gefen gonarsa, don shi ne katangarsa. Da kaka, in an gama ɗaure dawa an kai rumbu, sai a saki gona, Bafulatani ya zo ya kafa mashekari a ciki. Shanu su ci kara da harawar da ta rage, su bar taki. Mai gona har damin hatsi yakan ba shi don ya daɗe, matan ruga kuma su shigo gari da nono da man shanu su koma da gero. Kowa da abin da yake ci a jikin ɗan'uwansa. Ba a ce ba a yin ɓarna ba, ana yi, har da sanda da rotse. Sai dai in an yi, akwai Ardo, akwai mai gari, a je a auna ɓarnar da ido a yanka abin da za a biya.

Sarauta ma tana da nata rabon, shi ne jangali. Harajin shanu ne da ya girmi Turawa nesa ba kusa ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kutumbi ne ya fara karɓarsa a hannun Fulani tun ƙarni na 17. Turawa da suka ci Sakkwato a 1903 sai suka riƙe shi, suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan hanyoyin shigar kuɗi na baitulmalin En'e. Ba wanda zai yabi jangali a gaban wanda ya biya shi. An yi zalunci a ciki, an yi ƙirgen son rai, Fulani sun sha kora shanu cikin dare su tsallaka wata ƙasa don gudun malaman jangali. Amma duba wani ɓangaren. Hakimin da ya san yawan shanun ƙasarsa yana cikin abin da ake auna shi da shi, ba zai bari a toshe mashaya garke ya bar masa gunduma ba. Rasit ɗin jangali kuwa shaida ce a hannun makiyayi cewa hukuma ta san da zamansa.

Gona ta fara cin daji tun da wuri. Dogo ya iso Gusau ya wuce Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, aka shiga saran sabbin gonaki a ƙasar Tsafe da Kwatarkwashi da Bunguɗu. Gwamnatin Jihar Arewa ta hango inda aka dosa, shi ya sa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965. Wannan ita ce dokar da ake yawan ambato in an ce a koma ga gazet. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dokar iko kawai ta bayar na a keɓe wuri. Kafin wuri ya zama keɓaɓɓe sai an auna shi, an saurari masu haƙƙi, an buga shi a gazet, an kafa duwatsun iyaka. Shekara ɗaya bayan nan aka kashe Sardauna, gwamnatin da ta yi dokar ta rushe. Alƙaluman da hukumomi kan bayar a yau sun ce akwai wuraren kiwo 415 a Najeriya, amma kamar kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka buga a gazet. Ƙananan burtalan da ke tsakanin ƙauye da ƙauye kuwa, irin waɗanda rikici ke tashi a kansu, yawancinsu a ƙwaƙwalwar mai gari da Ardo kaɗai aka rubuta su.

Shekarun 1970 su ne, a ganina, suka yi wa tsarin illar da bai sake miƙewa ba, kuma abin mamaki kusan duk abin da aka yi da kyakkyawar niyya aka yi shi. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro garkuna daga arewa zuwa ƙasashe masu dausayi irin namu. Sai ga shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya, wanda aka fara gwadawa a wurare uku kacal a duk ƙasar nan: Funtua, Gusau da Gombe. Bilbis na tsakanin biyu daga cikin ukun. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa, da irin masara, da garmar shanu, da hanyoyin karkara. Noma ya yi albarka, ba musu. Amma manomin da ke da buhun taki a ɗaki ba ya roƙon Bafulatani ya kwana a gonarsa. Wanda ya sayi shanun huɗa kuma yana bukatar kara da harawarsa don nasa turken, sai ya tattare su ya ɗora bisa itace ko ya sayar. Abin da a da kyauta ne ya koma haja. Garma kuwa ba ta san shinge ba: bana a ci kunya ɗaya daga burtali, baɗi a ƙara biyu, har ya zamana saniya biyu ba sa iya jerawa ba tare da ɗaya ta kai baki ga dawar wani ba.

A daidai wannan lokaci aka zare wa masu sasantawa ƙarfi. Kotuna da 'yan doka sun riga sun bar hannun En'e tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. A takarda makiyayi ne ya fi samun rabo. A zahiri wa ya san hanyar sakatariya, wa ke da ɗan'uwa kansila? Jangali shi ma ya kau. A Kano da Kaduna gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, sun yi shelar soke shi tare da haraji a 1979, aka yi ta murna, kuma murnar na da dalili. Sai dai ba a kawo wani abu da zai sa hukuma ta riƙa ƙirga makiyayi cikin mutanenta ba. Da annobar shanu ta 1983 ta share garkuna, mutane da yawa suka koma kiwon shanun wasu, na attajirai da manyan ma'aikata, a kan lada. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi abin da ta iya, amma makaranta ba ta maye gurbin mashaya. Noman rani ya zo ya mamaye fadamun da shanu ke dogaro da su in ciyawa ta bushe.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan, sun kuma ga jini kafin mu. A Toda, cikin jihar Maraɗi, an kashe sama da mutum 100 a watan Oktoban 1991, akasarinsu mata da yaran Fulani, a kan rikicin gona da kiwo. A 1993 suka kafa dokar tsarin karkara, da kwamitocin kula da filaye da ke haɗa hakimai da manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati, a 2010 suka ƙara da doka ta musamman kan kiwo. Wanda ya bi karkarar Maraɗi zai ga ginshiƙan siminti jere a gefen wasu burtalai, kuma duk kaka hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki. Ba su rabu da rikici ba, amma in an yi gardama akwai dutsen da za a nuna.

Mu a nan sai muka bi wata hanyar. Bayan dawowar mulkin siyasa a 1999 aka yi ta yanka dazuzzuka da wuraren kiwo ana raba wa masu hali a matsayin gonaki. Ba zargin 'yan adawa ba ne kawai: gwamnatin Bello Matawalle da kanta ta sanar a 2019 cewa ta soke rabon filayen da aka yi a wuraren kiwo tun daga 1999. Kafin nan wuta ta riga ta kama. Satar shanu ta yawaita, kuma Fulani ne suka fara ɗanɗana ta. 'Yan sa-kai suka tashi, suka riƙa yanke hukunci a kasuwa ba alƙali. Waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji suka nemi bindiga, ɓarayin asali suka sami rundunar da ba su yi wahalar tarawa ba. A watan Yunin 2013 aka afka wa Kizara, nan cikin ƙasar Tsafe, aka kashe mutum 48. A Afrilun 2014 aka yi ta'asar 'Yargaladima a ƙasar Maru. Kwamitin da tsohon sufeton 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 an kashe mutum 6,319, an raba sama da 190,000 da gidajensu, an biya fansar da ta haura naira biliyan 3, ya kuma ambaci hannun wasu sarakuna da hakimai a ciki.

A nan dole a yi hattara. Wanda ya ce burtali ne ya sa ake sace matafiya a hanyar Funtua zuwa Gusau yau, ya mai da mutane yara. Abin ya daɗe da zama sana'a mai cin kanta, da dillalan makamai da masu kai rahoto da kuɗin zinari. Mai ɗora wa ƙauye harajin noma kafin a bar shi ya yi girbi ba mashaya yake nema ba. Sai dai kuma wanda ya ce babu ruwan burtali a yadda aka fara, bai tambayi kowa ba.

Tun daga nan manufofi suke ta zuwa suna wucewa kamar ruwan bazara. Gwamna Abdul'aziz Yari ya yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2016, ya warware. Aka kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a 2018 ba a ga sauƙi ba. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin Ruga, ta janye shi a farkon Yulin 2019 saboda hayaniya, Matawalle ya ce shi zai gina rugage uku, ya fara da Maradun. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, mai akuya ɗaya da zai sayar ya sayi magani ya rasa inda zai kai ta. A Yulin 2022 aka naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, ƙasa ta ɗauka, aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Gwamna Dauda Lawal ya ce ba sulhu, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, a shekarar kuma Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya. A watan Agustan 2021 Buhari ya amince a sake duba wuraren kiwo 368 a jihohi 25, wato sakamakon tonon gazet ɗin nan da muka fara da shi.

Wani dattijo da ya yi shekaru yana raka masu auna ɓarna ya taɓa zayyana mini burtalin garinsu da yatsa a kan ƙasa, tun daga tsamiyar bayan gari har zuwa rafi, yana faɗin gonar wane ce a dama, ta wane ce a hauni, da shekarar da kowanne ya ci nasa rabon. Na ce masa, Baba, a bari in an sami sarari mu je ka nuna mini da ƙafa, in rubuta. Ya yi murmushi, ya share zanen da tafin hannunsa. Ya ce gonakin da aka yi ta faɗa a kansu yanzu sabara ce ta rufe su, shekara uku ke nan ba mai gona ba mai shanu da ya isa ya taka wurin.