Makarantun Hukuma da Makarantun Yarjejeniya a Birnin Niyu Oliyans, 1998 zuwa 2024

A ƙasar Amurka, yaro in ya kai wajen shekara 11 ya kan bar makarantar farko ya shiga wadda su ke kira midil, watau aji 6 zuwa aji 8, sa'an nan ya wuce sakandare. Sunan ba baƙo ba ne ga dattawan Arewa waɗanda suka yi Midil zamanin En'e, ko da ya ke tsarin ya bambanta. Gaɓa ce da iyaye ke jin tsoro, domin a nan yaro ke shiga ƙuruciyar balaga, a nan kuma a kan fara gane wanda zai ɗore da karatu da wanda zai zame.

A da, talaka ba shi da ta cewa a kan inda ɗansa zai shiga. Unguwar da ya ke zaune ita ke yanke masa hukunci, a kai yaron makarantar unguwa, wadda ke hannun hukumar ilmi da mutanen gari suka zaɓa. Hukumar nan ita ke ɗaukar malamai, ita ke biyansu, ita ke tsara abin da za a koyar. Mai hali kuwa, in makarantar ba ta yi masa ba, sai ya ƙaura zuwa wata unguwa, ko ya kai ɗansa makarantar kuɗi.

Ana nan sai wani sabon iri ya fito, wanda Amurkawa ke kira cata. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta abin rubutu a kai, kuma masana harshe suna ganin daga tushen nan ne "takarda" ta zo cikin Hausa ta bakin Buzaye. To, takardar ce dai gindin al'amarin. Wata ƙungiya ce za ta ƙulla yarjejeniya da hukuma, yawanci ta shekara 5, a ba ta kuɗin haraji gwargwadon yawan yaran da ta ɗauka, a sakar mata mara wajen ɗaukar malamai da tsara lokaci. Ba a biyan kuɗin makaranta. In masu nema sun fi gurbi yawa sai a yi ƙuri'a. In kuwa wa'adi ya cika yara ba su koyi abin kirki ba, a karɓe takardar a rufe makarantar. Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malamai, shi ya yayata wannan shawara cikin 1988, yana nufin malamai su sami filin gwada sababbin dabaru. Daga baya da ya ga inda abin ya nufa ya ja baya. Jihar Minesota ta fara yin dokar cikin 1991, jihar Luwiziyana kuwa cikin 1995.

Birnin Niyu Oliyans, babban birnin kasuwancin Luwiziyana, a bakin kogin Misisifi, shi ne inda aka kai abin ƙarshensa. Makarantar yarjejeniya ta farko a birnin midil ce, wadda Anthony Recasner da abokansa suka buɗe cikin 1998. A lokacin nan makarantun hukuma sun lalace ƙwarai. Hukumar ilmin birnin tana riƙe da makarantu fiye da 120 da yara wajen 65,000, yawancinsu baƙaƙen fata 'ya'yan talakawa, kuma a jarrabawa tana kusa da kashin bayan dukan hukumomin jihar. Cin amana ya yi yawa har hukumar FBI ta kafa ofis a cikin hedkwatarta. Saboda haka cikin 2003 jihar ta kafa wata hukuma ta ceto, mai ikon karɓe makarantar da ta kasa. Amma kafin 2005 'yan kaɗan kawai ta karɓa.

Ran 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta auka wa birnin, ganuwar da ke tare ruwa ta karye, ruwa ya shanye wajen kashi 80 cikin 100 na gari. Mutane suka watse cikin jihohi. Kafin su komo, cikin Nuwamba na wannan shekara, majalisar jihar ta yi doka ta miƙa makarantu fiye da 100 ga hukumar ceto. Hukumar birni, da ta ga ba yara ba kuɗi, ta sallami ma'aikatanta fiye da 7,000. Yawancin malaman nan baƙaƙen fata ne, 'yan gari, ginshiƙan unguwanninsu, waɗansu ma su suka koyar da iyayen yaran. Suka kai ƙara, suka yi nasara a kotun farko cikin 2012, babbar kotun jihar ta rushe hukuncin cikin 2014. A madadinsu aka kawo samari da 'yan mata da yawa daga nesa, sababbin fitowa daga jami'a. Baƙaƙen fata da su ke kashi 71 cikin 100 na malamai kafin guguwar suka koma kashi 49 cikin shekara goma. Wannan rauni ne da ba a iya aunawa da makin jarrabawa.

To, sai uba mai neman midil ya sami kansa cikin wata duniya dabam. An soke iyakar unguwa, ko'ina ya ga dama yana iya nema. Yawancin makarantun ma sun haɗe aji na fari har zuwa aji 8 a gida ɗaya, midil mai zaman kanta ta yi ƙaranci. Waɗansu, irin na ƙungiyar KIPP, wadda ta fara cikin 1994 a birnin Hustan da 'yan aji 5, suna da dogon wuni da horo mai tsanani, a yi tafiya cikin layi ba magana, ƙaramin laifi a tsare yaro bayan tashi. Waɗansu iyaye abin da su ke nema ke nan, waɗansu kuwa suka ce wannan ai bariki ce.

Amma 'yancin nan ya zo da ɓarna wadda ba a yi tanadinta ba. Kowace makaranta tana da tata takardar nema da tata ranar rufewa, sai ya zamana uwa mai mota da sukuni ita ke zagayawa ta cike biyar ko shida, mai aikin dare kuwa ta sami abin da ya rage. Tun da ya ke da makin jarrabawa a ke auna makaranta, waɗansu shugabanni suka koyi dabarar kauce wa yaro mai wuyar sha'ani: a ce wa uwarsa ba gurbi, ko a ba ta shawara ta gwada wani wuri, ko a kore shi. Cikin 2010 iyayen yara masu naƙasa suka kai jihar ƙara a kan haka, aka ƙare da sulhu wanda ya sa kotu ta riƙa sa ido.

Maganin da aka yi shi ne abin lura a tarihin nan. Cikin 2012 aka fito da takardar nema guda ɗaya mai suna OneApp, inda iyaye suka riƙa jera makarantu har 8 bisa ga yadda su ke so, kwamfuta ta raba gurabe. A shekarar nan kuma aka hana makaranta korar yaro da kanta, sai wani ofishi guda ya saurari maganar. Watau ayyukan da aka ƙwace daga hukumar tsakiya, su aka shiga mayarwa ɗaya bayan ɗaya, domin an ga kasuwa ba ta iya tsare wa mai rauni haƙƙinsa in ba mai tsawatawa.

Game da karatu kansa, gaskiya ita ce an ci gaba. Douglas Harris na Jami'ar Tulane da abokan aikinsa sun gwada yaran birnin da irinsu na waɗansu wuraren da guguwar ta shafa, suka sami cewa maki ya hau sosai, masu gama sakandare da masu shiga jami'a sun ƙaru. Sun nuna kuma babban dalili shi ne rufe makarantun da suka kasa da miƙa su ga waɗansu, ga kuma ƙarin kuɗi, wajen kashi 13 cikin 100 a kan kowane yaro. Saboda haka wanda ya ce yarjejeniya kaɗai ta yi aikin ya faɗi rabi ya bar rabi. Rufewar ma, ko da ta amfani jimla, ba ƙaramin abu ba ce ga yaron da ke aji 7 aka ce masa baɗi ya nemi wani wuri.

Wani binciken nasu na 2015 ya duba abin da iyaye ke zaɓa a zahiri. Suna duban darajar makaranta a jarrabawa, amma nisa yana da nauyi ƙwarai, haka kuma wasan ƙwallo da ƙungiyar masu busa da kiɗa, musamman ga talakawa. Ba abin mamaki ba ne a garin da ya haifi kiɗan jaz. Uwa da za ta tsai da ɗanta a bakin titi tun da duhu yana jiran mota, lissafinta ba irin na ma'aikacin ofis ba ne, kuma ba za a ce nata ne kuskure ba.

Cikin 2016 majalisar jihar ta yi dokar mayar da makarantun ƙarƙashin hukumar birni, aka cika mayarwar ran 1 ga Yuli 2018, amma a matsayin mai sa ido, ba mai gudanarwa ba. Cikin 2019 aka miƙa ta ƙarshe da ke hannunta, McDonogh 35, ga wata ƙungiya, Niyu Oliyans ta zama babban birni na farko a Amurka da ba shi da makarantar hukuma irin ta da ko ɗaya. Shekara 5 aka yi a haka. Cikin Agusta 2024 hukumar ta sake buɗe wata da hannunta, a ginin wata makarantar yarjejeniya da aka karɓe wa takarda, ta sa mata sunan Leah Chase, shahararriyar mai dafa abincin birnin wadda ta rasu cikin 2019.