Zaurance

Zaurance hanya ce ta sauya lafazin Hausa bisa wata ƙa'ida da aka yarda da ita, don a yi magana a gaban mutum ba tare da ya gane ba. Yara da 'yanmata ne suka fi riƙe shi. Masu rubuta tarihin ƙagaggun harsuna kan faro daga Esperanto na Zamenhof (1887), su gangaro kan Guosa, wanda Alex Igbineweka ya haɗa a 1965 daga Hausa da Yarbanci da Ibo da wasu harsunan Nijeriya. Zaurance ba ya samun gurbi a wannan lissafi, alhali ya cancanta, domin tsarin sauti ne aka ƙaga, kuma bakin jama'a ya karɓe shi.

Ginshiƙinsa gaɓa ce. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi-wasali-baƙi. Mai zaurance yakan cusa baƙi ɗaya bayan kowane wasali, ya maimaita wasalin: gida ya koma gibidaba, kasuwa ta koma kabasubuwaba. A rufaffiyar gaɓa ake gane gwani. Maski ba ya zama masbakibi, sai mabaskibi, wato an tsaga gaɓar an tura baƙin ƙarshe gaba. Yarinyar da ba ta taɓa jin kalmar "wasali" ba tana yin wannan tiyata a guje, tana tankaɗe, ba ta tuntuɓe. Akwai kuma na juya gaɓoɓi, inda gida ke komawa dagi.

Zaurance kan bi karin harshen mai yin sa: a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, alal misali, karin harshen Katsina ne tubalin. Wanda ya tashi yana cewa zamna maimakon zauna, zaurancensa zabamnaba zai bayar, na Bakano kuwa daban. Masu koyar da tsarin sauti a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna da misalai a ƙofar gida.

Nazari mai zurfi ya makara. Ousseina Alidou ta kammala kundin digirinta na uku a Jami'ar Indiana a 1997 kan wasannin harshe a harsuna shida na Nijar, har da Hausa. Paul Newman ya ware wa batun babi a babban nahawunsa na 2000.