Rinin da Ya Nuna Mana Yadda Ƙwayar Halitta Ke Rabuwa

Duk shekara idan darasin rabuwar ƙwayar halitta ya zo, nakan sayi albasa, in ɗora ta a bakin kofi mai ruwa. Bayan kwana uku ko huɗu sai ta fid da saiwoyi farare. Bakin saiwar nan nake yanka, in ɗiga masa jan rini, in danne da gilashi, ɗalibai su zo su leƙa a madubin likita. Kullum nakan tuna cewa abin da suke gani cikin minti biyar ya ɗauki masana fiye da shekara 200.

A 1665 Robert Hooke, a Ingila, ya duba ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga 'yan ɗakuna jere. Amma matattu ne, bango kawai ya gani. A 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka ce da irin waɗannan 'yan ɗakuna, wato ƙwayoyin halitta, aka gina tsiro da dabba. Sai dai sun zaci sabuwar ƙwaya daskarewa take daga wani ruwa, kamar yadda gishiri ke kwantawa.

Wanda ya gyara wannan kuskure shi ne Robert Remak, likita Bayahude a Balin. Tun 1841 yake lura da jinin ɗan tsako a cikin ƙwai, yana ganin ƙwaya ɗaya tana tsukewa a tsakiya ta zama biyu. A 1855 Rudolf Virchow ya yaɗa maganar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, duniya kuma ta riƙe sunansa. Remak ya rasu a 1865 ba a ba shi cikakkiyar kujerar farfesa ba, saboda addininsa. Wannan abu yana ci mini rai, shi ya sa ba na wuce darasin ban faɗi sunansa ba.

Abin da ya rage a ɓoye shi ne abin da ke faruwa a cikin cibiyar ƙwayar, domin ba ta da launi, haske ratsa ta yake. Mafita daga sana'ar rini ta zo. A 1856 William Perkin, yana da shekara 18, ya haɗa rinin shunayya daga kwalta, masana'antun Jamus suka shiga yin launuka don tufafi. Walther Flemming, farfesa a Jami'ar Kil tun 1876, ya gwada irin waɗannan rinuka a kan 'ya'yan salamanda, wata dabba mai siffar ƙadangare da ke son danshi. Ya zaɓe ta ne don ƙwayoyinta manya ne. Wani abu a cikin cibiya ya sha rini sosai, ya fito zare-zare.

Haƙurin mutumin nan ne ya fi burge ni. Ƙwayar da aka rina ta riga ta mutu, ta tsaya cak a inda mutuwa ta same ta. Sai ya riƙa zana su da hannu, yana kwatantawa da masu rai, har ya jera labarin: zaren ya yi kauri, ya taru a tsakiya, kowane sili ya tsage biyu a tsaye, rabi ya nufi wannan gefe, rabi wancan. Tsagewar nan ita ce zuciyar al'amarin, domin ita ke sa kowace 'ya ta sami gado daidai da 'yar'uwarta. A littafinsa na 1882 ya sa wa wannan rabuwa suna maitosis, daga kalmar Girkanci ta zare. Sunan kuromozom kuwa, da ake kiran zaren da shi, wani masani Waldeyer ne ya raɗa a 1888.

Bayan rabon zare sai rabon jiki. Ƙwayar dabba tsukewa take kamar an ja mazagin wando, har ta gutsure biyu. Ta tsiro bangonta ba ya tanƙwaruwa, don haka sabuwar katanga take ginawa daga tsakiya zuwa gefe, kamar magada sun raba gida. Ita ce ɗalibaina ke gani a albasa.

Ƙidayar zaren ɗan Adam ma sai da ta ba da wuya. Tun 1923 littattafai suke cewa 48, har Tjio da Levan, a Suwidin, suka tabbatar da 46 a 1956.

Ga 'yan'uwana malamai: kada mu tsaya ga zane a allo. Albasa guda, reza, ɗigon rini da madubin likita sun isa yaro ya ga abin da Flemming ya gani da idonsa.