Takaddamar diyyar inshora bayan hatsarin mota

Takaddamar diyyar inshora ita ce saɓanin da ke tasowa tsakanin kamfanin inshora da mai neman diyya bayan an yi hatsarin mota, ko dai saboda kamfanin ya ƙi biya gaba ɗaya, ko ya yi tayin kuɗin da bai kai asarar ba, ko kuma ya ja ƙafa wajen biya. Mai neman diyyar yana iya zama mai motar da ya sayi inshorar, ko wani dabam da aka ji wa rauni ko aka lalata wa dukiya. Mafi yawan irin wannan takaddama ana warware ta ne da abin da ke rubuce a takardar yarjejeniya da kuma shaidar da aka tattara a ranar hatsarin.

Inshorar mota a Najeriya

Dokar tilasta inshorar mota a Najeriya ta samo asali ne daga wata doka ta shekarar 1945. An kafa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, a shekarar 1997, sai dokar inshora ta 2003, wadda sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta maye gurbinta.

Inshorar mota iri biyu ce aka fi sani. Ta farko ita ce inshorar ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta wa duk mai abin hawa. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, iyakar diyyar dukiyar da aka lalata kuma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar nauyin gyaran motar mai inshorar kansa, har da sata da gobara. Saɓani da yawa yana farawa ne daga rashin bambance waɗannan biyun, domin inshorar ɓangare na uku ba ta biyan ko sisin kwabo kan motar wanda ya saye ta. Wanda ya buge kaɗai take biya.

Dalilan da ke jawo takaddama

Dalili na farko shi ne takardar bogi. Masu motoci da dama suna karɓar takardar inshora daga hannun 'yan kamasho lokacin sabunta takardun mota, sai bayan hatsari su tarar babu kamfanin da ya san da ita. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake iya tantance inshora ta intanet da lambar mota. Haka kuma ƙa'ida ce cewa idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya.

Na biyu shi ne saɓa sharuɗɗa. Kamfani yana iya ƙin biya idan direba ba shi da lasisi mai aiki, ko yana cikin maye, ko an yi wa mota inshora a matsayin ta gida amma ana kabu-kabu da ita. Ɓoye wani muhimmin bayani lokacin cike fom ma yana iya rushe yarjejeniyar, saboda an gina inshora ne kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu. Jinkirin sanar da kamfani shi ma hujja ce da ake yawan kafawa.

Akwai wani sharaɗi da ke cin karo da al'ada. Da zarar an yi karo a titi, jama'a sukan taru su yi sulhu nan take, wanda ake ganin shi ne da laifi ya ba da haƙuri ya ɗauki alkawarin gyara. Yawancin yarjejeniyoyin inshora kuwa sun hana mai inshora amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da yardar kamfani ba. Don haka sulhun da ya kwantar da hankali a bakin titi yana iya zama dalilin da kamfani zai zame daga baya.

Saɓani kan adadin kuɗi

Nan ne aka fi daɗewa ana ja-in-ja. Manufar inshora ita ce a mayar da mutum matsayin da yake kafin hatsari, ba tare da ya ci riba ba. Saboda haka kamfani yakan tura masanin ƙiyasta asara ko injiniya ya duba motar, ya kwatanta da lissafin da makanike ya rubuta. Yakan rage wani abu idan za a sa sabon kaya a madadin wanda ya tsufa, kamar taya ko batir, sannan a cire kason da yarjejeniya ta ce mai mota ne zai ɗauka da kansa.

Idan kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar, sai a ɗauke ta a matsayin wadda ta tashi aiki, a biya darajarta ta kasuwa a ranar hatsari ko adadin da aka yi inshora a kai, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kamfani kuma ya riƙe ragowar motar. Faɗuwar darajar naira ta tsananta wannan matsala. Misali, motar da ta kai naira miliyan 10 amma aka yi mata inshorar miliyan 6, idan ta yi ɓarnar miliyan 2, kamfani yana iya biyan miliyan 1.2 kawai, matuƙar yarjejeniyar ta ƙunshi sharaɗin raba asara daidai da kason da aka yi wa inshora.

Matakan warwarewa

Shaidar da ta fi amfani ita ce wadda aka tattara kafin a janye motoci: hotuna, lambobin motocin, bayanan shaidu, rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da takardun asibiti idan akwai rauni. Gyara mota kafin kamfani ya duba ta yana raunana hujjar mai ita ƙwarai.

Idan kamfani ya ƙi biya, mai neman diyya yana da damar neman a rubuta masa dalili tare da sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi. Daga nan yana iya kai ƙorafi a rubuce ga shugabannin kamfanin, ya haɗa da lissafin wani gareji ko rahoton masani mai zaman kansa. Wanda ya sayi inshora ta hannun dillali mai rajista yana iya sa dillalin ya bi masa kadi. Wuri ɗaya da ke bukatar taka-tsantsan shi ne takardar amincewa da diyya: sa hannu a kanta yawanci yana nufin mutum ya karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya, kuma da wuya a sake buɗe magana. Dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an kai wannan mataki.

Idan abin ya faskara, ana kai ƙara sashen ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, wadda ke da ikon umartar kamfani da kuma ladabtar da shi. Wasu yarjejeniyoyin sun tanadi a je gaban mai sasantawa idan saɓanin kan adadin kuɗi ne kawai, kuma jihohi irin su Legas da Kano suna da cibiyoyin sulhu a ƙarƙashin manyan kotunansu. Kotu ce mataki na ƙarshe. Wanda aka buge yakan shigar da ƙarar direba ko mai motar ne, a sanar da kamfanin inshora a kan lokaci domin hukuncin ya hau kansa. Akwai wa'adin shigar da ƙara, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Hatsari a wata ƙasa

Direbobin da ke ƙetarawa zuwa Benin, Togo ko Ghana suna amfani da katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a shekarar 1982. Idan hatsari ya auku, ofishin tsarin na ƙasar da abin ya faru ne ke bin diyyar wanda aka cuta, bisa dokar wannan ƙasa, sannan ya nemi kuɗin daga kamfanin da ya ba da katin.